Amfanin Lissafin Kwadiratik a Gona da Lambu

Kowace shekara, idan muka iso babin kwadiratik a ajin SS1, ɗalibai sukan tambaye mu cewa, "Malam, wannan x mai ɗan 2 a ka, ina za mu gamu da shi bayan mun bar makaranta?" Tambayar tana da ma'ana, kuma tana bukatar amsa mai tsawo fiye da abin da minti arba'in na darasi zai ɗauka. Shi ya sa muka ga ya kyautu mu amsa ta a cikin wannan mujalla ta shekara, domin amfanin ɗalibai da malamai, da kuma iyayenmu waɗanda yawancinsu daga abin da suka girbe a gona suke biyan kuɗin makaranta.

Amsarmu a taƙaice ita ce: a ƙasar da gona ta yi kaɗan, taki kuma ya yi tsada, yin aiki da kintace yana jawo asara. Lissafin kwadiratik kuwa shi ne yake nuna inda ya kamata a kafa iyaka, da kuma inda ya kamata a ce abu ya isa haka. Za mu kawo misalai huɗu daga abubuwan da muke gani kullum.

ƘASARMU DA YAWAN JAMA'A

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ta Bichi, ko ta Gezawa da damina, zai ga gona manne da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa har bakin titi, babu daji, babu saura. Masana labarin ƙasa sun daɗe da lura da haka. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano, ya fitar da wani bincike shi da J. Wilson a 1965 a kan ƙasar da ke kewaye da birnin Kano. Nazarin da ya yi a wannan yanki ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar nomanta ake yi, kuma kowace shekara, ba tare da an bar ta ta huta ba.

Tun daga wancan lokaci jama'a sai ƙaruwa suke yi. Ƙidayar 1991 ta sami mutum miliyan 5.8 a Jihar Kano, ta 2006 kuma ta sami miliyan 9.4. Ita kuwa ƙasa ba ta ƙaru ko da taku ɗaya ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki biyar ko shida ne suke rabonta. A irin wannan hali, taku goma na gona ko buhu ɗaya na taki ba abin wasa ba ne.

MENE NE KWADIRATIK?

Ikweshin magana ce ta lissafi mai cewa abin da ke hagu daidai yake da abin da ke dama. Idan a cikinsa lambar da ba mu sani ba, wato x, ta ninka kanta sau ɗaya, muka sami x sau x, wanda ake rubutawa x², to shi ne ake kira kwadiratik. Cikakkiyar siffarsa ita ce ax² + bx + c = 0, inda a da b da c lambobi ne da muka sani. Sunan ya fito ne daga kalmar Latin mai nufin murabba'i, domin fili mai tsawo x da faɗi x girmansa x² ne. Saboda haka duk inda aka ninka abu biyu waɗanda suka dogara da juna, kamar tsawo da faɗi, sai kwadiratik ya ɓullo.

Idan muka zana y = ax² + bx + c a takardar giraf, za mu sami lanƙwasasshen layi da ake kira farabola. Kowa ya san siffarta ko da bai san sunanta ba, domin ita ce hanyar da dutse yake bi idan yaro ya harba shi da majajjawa don korar tsuntsaye daga gero: ya hau, ya kai ƙololuwa, ya sauko. Idan a tana ƙasa da sifiri, farabola takan yi kama da ƙwarya a kife. Idan tana sama da sifiri, sai ta yi kama da ƙwarya a buɗe. Ɓangarenta na hagu da na dama daidai suke, ƙololuwar kuma tana tsakiya cif, a inda x = −b/2a.

Wannan ilmi ya daɗe a duniya. A allunan yumɓu na mutanen Babila, kusan shekara 4,000 da suka wuce, akwai tambayoyi a kan raba gonaki waɗanda sai da kwadiratik ake warware su. Wani Bahelene mai suna Afoloniyas ne ya raɗa wa farabola suna wajen shekara 200 kafin haihuwar Almasihu, kuma kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita ita ce dai wadda Linjila ta kira misalan Yesu da ita, domin asalin ma'anarta ajiye abu kusa da wani don a gwada su. A wajen shekara ta 820, a birnin Bagadaza, Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi ya rubuta littafin da kalmar aljabara ta samo asali daga sunansa. Ya tsara hanyoyin warware kwadiratik daki-daki, babban sashe na littafin kuma a kan awon filaye da rabon gado yake.

MISALI NA FARKO: RABON GONAR GADO

Mu ɗauka wani dattijo ya rasu ya bar gona ɗaya ga 'ya'yansa biyu, kuma an shirya a raba musu daidai wa daida. Gonar tana da ƙaramin baki a arewa mai faɗin mita 35, da babban baki a kudu mai faɗin mita 85. Bakunan biyu suna fuskantar juna sosai, nisan da ke tsakaninsu mita 100 ne, gefunan gabas da yamma kuma a miƙe suke. Irin wannan gona mai buɗewa kamar bakin siket tana da yawa a ƙauyukanmu. Girmanta shi ne matsakaicin faɗi sau tsawo, wato 60 sau 100, murabba'in mita 6,000. Kowa ya kamata ya sami 3,000.

Abin da ya fi saurin zuwa a zuciya shi ne a taka mita 50 daga arewa a kafa turke, a ce an raba biyu. To, mu duba. A mita 50 faɗin gonar 60 ne. Rabon arewa yana da matsakaicin faɗi 47.5, sau 50 ya ba da 2,375. Rabon kudu kuwa 3,625 ne. Bambancin da ke tsakaninsu murabba'in mita 1,250, kusan sulusin eka ke nan. Wanda ya sami arewa an tauye masa 625 daga haƙƙinsa, kuma kowace damina zai riƙa ganin wannan a rumbunsa. Daga irin wannan ne zumunci yakan lalace, magana ta kai gaban mai unguwa, ta wuce ga dagaci, wani lokaci har kotu.

Ga yadda ɗalibin da ya fahimci darasinsa zai yi. Mu kira nisan da za a taka daga arewa x. Gonar tana ƙara mita 50 na faɗi a cikin tsawon mita 100, wato rabin mita a kowace mita ɗaya. Saboda haka faɗinta a wurin iyakar shi ne 35 + x/2. Matsakaicin faɗin rabon arewa zai zama 35 + x/4, girmansa kuma x sau wannan. Muna so ya zama 3,000:

x(35 + x/4) = 3,000

Idan muka buɗe baka muka ninka ko'ina da 4, sai mu sami:

x² + 140x = 12,000

Yanzu sai mu bi hanyar cika murabba'i, wadda Al-Khawarizmi ya koyar. Rabin 140 shi ne 70, kuma 70 sau 70 ya ba da 4,900. Mu ƙara wannan a hagu da dama:

(x + 70)² = 16,900

Lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 16,900 ita ce 130. Ashe x + 70 = 130, wato x = 60. Akwai amsa ta biyu, −200, amma babu wanda zai taka mita 200 da baya ya shiga gonar maƙwabci, don haka mun ajiye ta. Kowane kwadiratik yakan iya ba da amsa biyu, hankali ne yake zaɓen wadda ta dace da aikin da ke gabanmu.

A mita 60 ke nan za a kafa iyaka. Mu gwada mu gani. Faɗin gonar a nan 65 ne. Rabon arewa: matsakaicin 35 da 65 shi ne 50, sau 60, ya ba da 3,000. Rabon kudu: matsakaicin 65 da 85 shi ne 75, sau 40, ya ba da 3,000. A aikace, sai a auna kashi 6 cikin 10 na gefen gabas, a auna kashi 6 cikin 10 na gefen yamma, a kafa turaku, a ja igiya. Idan kuma rabon na sulusi ne za a fitar daga arewa, lambar dama kaɗai za ta canja, daga 12,000 zuwa 8,000, iyakar kuma ta faɗa a wajen mita 43 da rabi.

Ya kamata mu tuna cewa lissafi girman fili kawai yake daidaitawa. Idan akwai ɗorawa ko gawo ko tsamiya a ɓangare ɗaya, ko kuma wani gefe ya fi wani albarka, dattawa ne za su duba wannan su daidaita. Amma aikinsu zai fi sauƙi idan sun fara daga awo na gaskiya wanda kowa ya gani da idonsa.

MISALI NA BIYU: SHINGEN LAMBU

Da zarar an gama kaka aka kwance awaki da tumaki daga turke, duk mai lambu ya san sai da shinge. Haka yake a lambunan da ke bakin madatsar ruwa ta Tomas a wajen Dambatta da ta Watari a Bagwai, haka kuma yake a ɗan lambun bayan gida. Waya tana da tsada, darni ma sai an tara kara. Tambayar ita ce: da shingen da ke hannu, wace siffa ce za ta kewaye fili mafi girma?

Mu ce muna da waya mita 60, kuma za mu jingina lambun da katangar makaranta, ta yadda gefe uku kawai za a shinge. Idan gefuna biyu da suka fito daga katanga kowanne x ne, na ukun zai zama 60 − 2x. Girman lambun shi ne x(60 − 2x), wato 60x − 2x². Ga abin da muke samu:

x = 5, girma 250
x = 10, girma 400
x = 15, girma 450
x = 20, girma 400
x = 25, girma 250

Lambobin sun hau, sun kai 450, sun sauko, kuma na sama da na ƙasa sun yi daidai da juna. Farabola ke nan a kife. Ba sai mun yi ta gwaji ba ma, domin a nan a = −2, b = 60, saboda haka −b/2a ya ba da 15. Wata hanya mai sauƙi ita ce mu lura cewa girman sifiri ne idan x = 0, sifiri ne kuma idan x = 30, ƙololuwa kuwa tana tsakiyarsu. Lambun da ya fi girma shi ne mai faɗin mita 15 da tsawon mita 30 a jikin katanga.

Da babu katangar, waya mita 60 ɗin nan ba za ta kewaye fili mai kusurwa huɗu da ya fi 15 sau 15 ba, wato 225. Wanda kuma ya yi dogon siririn lambu na 5 sau 25, da wannan waya dai, 125 kawai zai samu. Kuɗin waya ɗaya ne, amma wani ya sami 125, wani 225, wani 450. Mai sayar da tumatur da albasa ya san fangali nawa ne ke cikin wannan bambanci.

MISALI NA UKU: BUHU NAWA NA TAKI?

Wannan shi ne misalin da muke so iyaye su fi mai da hankali a kansa. Manoman ƙasar Kano sun daɗe suna riƙe albarkar gonakinsu da takin dabbobi da toka da shara da ake ɗaukowa daga birni a kan jakuna. Daga baya takin zamani ya shigo, irin su kamfa mai 15-15-15, da yuriya mai kashi 46 cikin 100 na naitirojin, a buhu mai kilo 50. Kowane manomi ya san buhun farko yakan yi abin mamaki, na biyu ya taimaka, amma ba kamar na farko ba. In an ci gaba da zubawa, sai a kai inda ƙari ba ya ƙara kome, har ma ya ƙone shuka idan ruwa ya ɗauke, ko ya sa kara ya yi tsawo ya kwanta. Hausawa sun ce in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa. Masu binciken aikin gona sukan yi amfani da farabola wajen kwatanta wannan hali.

Lambobin da za mu kawo yanzu na misali ne, mun zaɓe su don sauƙin lissafi. Mu ce gona ce hekta ɗaya ta dawa, x shi ne yawan buhunan taki, y kuma buhunan dawar da aka samu, sannan y = 6 + 4x − x²/2.

Babu taki, dawa buhu 6
Taki buhu 1, dawa 9½
Taki buhu 2, dawa 12
Taki buhu 3, dawa 13½
Taki buhu 4, dawa 14
Taki buhu 5, dawa 13½

Buhun farko ya ƙara dawa 3½, na biyu 2½, na uku 1½, na huɗu rabi kawai, na biyar kuwa ragi ya kawo. Ƙololuwar girbi tana kan buhu 4. Amma taki ba kyauta ake samunsa ba. Abin da manomi ke nema shi ne abin da zai rage masa bayan ya biya kuɗin taki.

Mu ce kuɗin buhun taki ɗaya daidai yake da na buhun dawa ɗaya. Sai mu ɗebe x, abin da ya rage ya zama 6 + 3x − x²/2. Wannan ma farabola ce, amma ƙololuwarta ta dawo kan buhu 3, inda manomi zai tsira da dawa 10½. In ya zuba na huɗu, ya biya buhu guda ya sami rabi.

To, idan taki ya yi tsada, ko hatsi ya faɗi a kasuwar Dawanau, har ya zama sai an sayar da dawa buhu 2 kafin a sayi taki buhu 1 fa? Abin da ya rage ya zama 6 + 2x − x²/2, ƙololuwa ta dawo kan buhu 2, manomi ya tsira da 8. Wanda ya nace sai ya zuba buhu 4 don gonarsa ta fi ta kowa kyau zai girbe 14, ya biya 8, ya tsira da 6, daidai da maƙwabcinsa wanda bai zuba kome ba. In da bashi ya sayi takin, to ya fi maƙwabcin shiga wahala. Inda girbi ya fi yawa dabam, inda riba ta fi yawa dabam, kuma duk sa'ad da taki ya ƙara tsada, wurin riba baya yake ja.

Akwai darasi na biyu a cikin jadawalin nan. Mu ce mutum yana da gona biyu irin wannan, da taki buhu 4. In ya juye duka a gona ɗaya, zai sami 14 da 6, jimla 20. In ya ba kowace buhu 2, zai sami 12 da 12, jimla 24. Taki kaɗan da aka baza ko'ina ya fi mai yawa da aka tara wuri guda. Wannan tunani ne ke bayan dabarar da masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suka yaɗa a Jamhuriyar Nijar, ta zuba kamfa giram 6, wato cikin murfin kwalbar lemo, a kowane ramin shuka na gero. A gona mai rami 10,000 a hekta, kilo 60 ke nan, ɗan fiye da buhu ɗaya.

Ta yaya za mu sami lambobin gonarmu ta ainihi? Ɗigo uku sun isa a fitar da farabola. A ware filaye uku masu girma ɗaya, a shuka iri ɗaya rana ɗaya, a yi musu noma iri ɗaya. Na farko kada a zuba masa taki, na biyu a ba shi awo biyu, na uku awo huɗu. Da kaka a auna abin da kowanne ya bayar. Idan aka sami 6 da 12 da 14, to c = 6, sannan 4a + 2b = 6, kuma 16a + 4b = 8. Ɗalibin SS1 zai warware waɗannan ya sami a = −½, b = 4, wato ikweshin ɗin da muka yi aiki da shi. Tun da damina takan bambanta, ƙuduji ma yakan ɓata sakamako, sai a maimaita gwajin shekara biyu ko uku, kuma a nemi shawarar malaman gona na KNARDA. Irin wannan gwaji, amma mai faɗi, shi ne masana Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suke yi kafin su ba manoma shawara.

MISALI NA HUƊU: FAIFAN DISH DA HASKEN RANA

Farabola tana da wata baiwa a siffarta. A 1638 Galileo na ƙasar Italiya ya nuna cewa ita ce hanyar duk abin da aka jefa, in an sa iska a gefe. Tun kafin shi kuma masana sun san cewa madubi mai siffar farabola yakan tara duk hasken da ya faɗo masa kai tsaye a wuri guda, wanda za mu kira matattara. Shi ya sa faifan dish na talabijin yake da wannan siffa, kuma a matattarar ake ɗaura ɗan kan da ke kama saƙo.

Idan faifan zagayayye ne mai zurfi a tsakiya, ana gane nisan matattara daga gindinsa haka: a ninka faɗin bakin da kansa, a raba da zurfi sau 16. Faifai mai faɗin santimita 120 da zurfin 15 zai ba da 14,400 a raba da 240, wato santimita 60. Idan aka lulluɓe cikinsa da takarda mai ƙyalli, aka fuskantar da shi ga rana, aka rataye baƙar tukunya a wannan wuri, ruwa zai tafasa ba tare da itace ko kara ba. Da tsakar rana in gari ya yi garau, kowane murabba'in mita yana samun kusan wat 1,000 na ƙarfin rana, bakin wannan faifai kuwa ya ɗan fi murabba'in mita ɗaya. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta ƙera murhunan rana iri-iri. Muna gargaɗin ɗalibai kada su gwada wannan sai tare da malami, domin zafin matattara yana ƙona hannu, haskenta kuma yana ɓata ido.

SHAWARA GA ƊALIBAI DA IYAYE

A duk misalan nan mataki huɗu muka bi. Da farko mun ba abin da ba mu sani ba suna. Na biyu, mun juya maganar zuwa ikweshin. Na uku, mun warware shi, ko mun nemo ƙololuwarsa. Na huɗu, mun koma ga gonar muka gwada amsar. Mun lura cewa a jarrabawar WAEC da NECO, mataki na biyu ne ya fi kayar da ɗalibai. Da yawa sun haddace fomula, amma idan aka ba su tambaya cikin magana sai su rasa inda za su kama. Maganin wannan shi ne yawan gwaji da abubuwan da ake iya gani a taɓa. Ɗalibin da ya taɓa riƙe tef ya auna gona, ba zai firgita ba idan ya ga tambaya a kan fili mai tsawo da faɗi.

Saboda haka muna roƙon kowane ɗalibi na SS1 da SS2, maza da mata, ya yi aiki ɗaya a wannan hutu. Ya auna gona ɗaya ta gidansu da tef, ko da igiyar da aka ƙulla a kowace mita, ya zana ta a littafi, ya fitar da girmanta, sannan ya nemo inda za a ja layi a raba ta biyu daidai. Ya kuma tambayi mahaifinsa ko mahaifiyarsa taki nawa aka zuba bana, nawa aka saye shi, kuma dami nawa ko buhu nawa aka samu. Za mu yi aiki da waɗannan lambobi a aji idan an dawo.

Iyaye kuma muna roƙonku ku ba yaran dama, ku amsa musu tambayoyinsu da haƙuri. Ku kun san ƙasa da iri da halin damina fiye da abin da ke cikin littattafanmu, su kuma sun koyo awo da lissafi. Idan aka haɗa biyun, gida ne zai amfana. A gonar makaranta, in Allah ya kai mu damina, za mu ware filaye uku na gwajin taki a inda kowa zai gani, kuma muna gayyatar iyaye su zo ranar awon amfanin da kaka.